Almakashin Yaya

Litinin, da yamma

Malama ta zo mana da sabon salo. Wai daga yau an daina maimaita jimla daga allo kamar aku, wasan kwaikwayo za mu riƙa yi. Mu manya, masu gemu da masu goyo, a ajin 'yan firamare, gwiwoyinmu na dukan ƙasan tebur. Na baro shago, na sha harara wurin Yaya, don in koyi Turancin da zan nemi aiki da shi, ba don in zama ɗan wasa ba. Na gaya mata haka a gaban kowa.

Ta kira ni da sunan da aka laƙaba mini saboda bakina, ta ce, "Lauya, ka fi kowa karatu a ajin nan, amma in aka ce ka buɗe baki sai ka ce an ɗinke maka shi. Kalma ba ta zama taka sai ka faɗa wa wani ita yana kallon idonka."

Baba Direba ya ce, "Ki bar shi, Malama. Da harshen gida injinsa ba ya mutuwa. Da Turanci kuwa sai an tura."

Aji ya kwashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Ba wanda ya koya mini karatu. A jikin kwalayen shagon maganin Yaya na tsince shi, da 'yan takardun nan masu ƙananan rubutu da ake cusawa cikin kwali, da tsofaffin jaridun da muke ƙunshe kaya da su. Na san sunan kumburin hanta da Turanci tun kafin in san yadda ake cewa sannu da zuwa. Su waye za su yi mini dariya?

Kujerar Mai Ɗinki, 'yar ajinmu, ba kowa. Yau ma. An ce 'yarta ce ba lafiya.

Laraba, da rana

Yaya yana yanka. Ina jin sa daga ɗakin ajiya, inda nake zaune kan kwali. Ƙyas. Ƙyas.

Katin ƙwayoyi yana zuwa da kwanan watan ƙarewarsa a buge a gefe ɗaya. Mutanen unguwa ba sa sayen kati guda, biyu-biyu suke saye, uku-uku, don haka kowane mai shago yana da almakashi. Wannan ba laifi. Amma Yaya, in kwalayen nan masu araha suka zo, waɗanda ake shigowa da su ta ƙofar baya, gefen nan mai kwanan wata yake fara yankewa ya zuba a kwandon shara, tun mai saye bai zo ba. Sai ya ce gyaran kantar shago yake yi.

Na yi magana bara. Na yi bana. Amsar ɗaya ce kamar an naɗa ta a kaset: "Magani ba nama ba ne da zai ruɓe. Masu kamfani ne ke buga wannan don a zubar a sayi sabo." Sai ya sosa bayan kunnensa da gindin almakashin ya ce, "Kai ɗin, wa ke ciyar da kai?"

Shi ke ciyar da ni. Ɗakin da nake kwana nasa ne. Inna ma a gidansa take. To, na rubuta. Ƙyas.

Alhamis, da yamma

Malama ta ce kowa ya faɗi wurin da rashin jin Turanci ya taɓa cutar da shi. Baba Direba ya ce wurin masu duba takardun mota. Matan ajin, kamar sun haɗa baki, suka ce shagon magani. Wai ana ba su abu, rubutu a jiki, su karɓa su yi godiya.

Shi ke nan aka yanke. Wasanmu: mai shago da mai saye. Mai saye zai koyi abu uku: mene ne sunan maganin, nuna mini kwanan wata, ba ni kati cikakke in gani. In Malama ta tafa hannu, a yi musaya, mai saye ya koma bayan kanta, mai shago ya fito. Ƙarshen zango kuma za a yi shi a farfajiyar makaranta, kowa ya gayyato iyalinsa.

Wa aka ba mai shago? Ni.

Na ce ba na so, mai saye nake so. Ina da maganganu a cikina da za su cika buhu. Ta ce, "Kowa so yake ya zama wanda aka cuta, Lauya. Wa zai tsaya a bayan kantar? Kai ka san aikin."

Ta sani ne, ko kuwa harbi ne a duhu? Na kalli fuskarta, ba komai a ciki sai alli.

Asabar, da hantsi

Baba Direba ya tsaya da motarsa a bakin layi ya yafuto ni. Shi ya kai Mai Ɗinki da 'yarta asibiti. Ya ce likita ya tambaya me aka ba yarinyar a gida tun da zazzaɓin ya fara. Uwar ta kwance bakin mayafinta ta fito da ƙwaya biyu a ɗan guntun kati. Ba suna. Ba kwanan wata. Likita ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Wannan ai sai Allah."

Baba Direba bai ce komai game da inda aka saya ba. Ni ma ban tambaya ba. Shago nawa ne a layinmu?

Ya ce, "Ɗana, ka ci abinci kuwa? Bakinka ya bushe."

Lahadi, da azahar

An kai yarinyar makabarta ɗazu. Yaya ma ya je. Har da hawaye.

Litinin, da yamma

Ban je aji ba.

Talata, da rana

Ba wanda ya ce maganin ne. Ba wanda zai iya cewa. Zazzaɓi yana kisa ko da magani mai kyau, haka Yaya ya gaya wa mai wankin takalma, alhali mai wankin takalma bai tambaye shi ba. Haka ya gaya wa mai kawo ruwa. Haka ya gaya wa matarsa a tsakar gida da ƙarfi, yana fuskantar ƙofar ɗakina.

Ba wanda zai iya cewa. Ai amfanin almakashin ke nan.

Alhamis, da yamma

Na je don in watsa wasan. Ban ko zauna ba.

Na ce, "Malama, an binne yarinya ke kina nan kina tafa hannu. Wasa! Wa wasan zai tayar? In kin gama sai ki shiga mota ki koma unguwarku, inda ake sayen magani da kwalinsa. Mu ne za mu kwana a nan."

Na ga maganar ta shige ta. Ta ajiye alli. Ta ce, "Gaskiyarka, ni ba a nan nake kwana ba. Shi ya sa ba ni zan yanke ba. In aji ya ce a bari, mu koma allo yau ɗin nan."

Sai wata tsohuwa mai sayar da gawayi, wadda tun da aka fara zangon ban taɓa jin muryarta ba, ta ce, "Kai yaro, zauna. Kai ka iya karantawa. Mu ne muke haɗiya."

Na zauna.

Aka jawo tebur ya zama kanta. Baba Direba ya yanko almakashi na kwali, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya ce na ƙasar waje ne. Mai gawayin ta tsaya gabana, ta jawo kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar tana ɗebo ruwa daga rijiya mai zurfi: nuna mini kwanan wata.

Ban shirya komai ba. Sai na ji bakina ya buɗe. Magani ba nama ba ne da zai ruɓe. Masu kamfani ne ke buga wannan. Da Turanci, tiryan-tiryan, ba tuntuɓe, kamar an buɗe famfo. Malama ta saki baki. Baba Direba ya ce, "Af! Ashe injin yana tashi."

Shekara nawa ina jiran ranar da Turanci zai fito mini haka? Ya fito. Kuma ƙaryar Yaya ce ta fara fitowa. Allah wadaran wannan baki.

Da ta tafa hannu na koma mai saye, sai na kasa. Jimla uku, na kasa. Mai gawayin ce ta riƙa ɗora ni.

Asabar, da rana

Abin ya fito daga aji.

Mata biyu daga cikinsu sun zo shago da safe. Ɗaya ta nemi maganin ciwon kai, Yaya ya miƙa mata guntu, ta riƙe hannunta a ƙirji ta faɗi jimlar. Da Turancinta mai karkace, amma ta faɗa. Yaya ya yi dariya ya ce, "Hajiya, yaushe kika dawo daga Turai?" Ba ta yi dariya ba. Ta sake faɗa. Ya ce ai an riga an yanka. Ta ce to ya bar shi, suka fita.

Ya juyo ya dube ni. Ina ta goge kwalbar da na riga na goge.

Lahadi, da maraice

Yaya ya ce, "Kai ne ko?"

Na ce ni ne me.

"Kada ka maishe ni ƙaramin yaro. An ce ranar Asabar za ka hau gaban jama'a ka yi mai shago. Wane mai shagon?"

Na ce wasa ne, Yaya, ba a kama sunan kowa ba. In kuwa wani ya ji kamar da shi ake, to mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Na ga hannunsa ya ɗaga, ya sauke. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ni na ɗauke ka a wuya ranar da aka binne mahaifinmu. Ni na saya maka takalmin da ke ƙafarka. Ka hau wurin nan ranar Asabar, kada ka dawo gidan nan. Kuma kada ka sake tako mini shago."

Duk gaskiya ne. Wuyan ma gaskiya ne, ina tunawa. To sai me? Don ka ɗauki mutum a wuya sai ka rufe masa ido?

Talata, da safe

Inna ta kira ni ɗakinta. Kwanakin nan tana jin ina maimaita wasan a bayan gida, ta ce har ta haddace waƙar, ba ta dai san ma'anarta ba. Na fassara mata. Ta ci gaba da jan carbi.

Ta ce, "Auta, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yayanka ne. Ka ce wa malamar taku ba ka da lafiya."

Na ce, "Inna, in na ce ba ni da lafiya, magani za a ba ni. Daga ina?"

"Bakinka ne zai kashe ka, ja'iri."

Ta miƙo mini maganinta na hawan jini in ɓallo mata, kamar kullum. Na buɗe kwalin, na zaro katin, na ɓalla ɗaya a tafinta. Ba ta kai baki ba. Ta karɓi katin daga hannuna tana shafa gefensa da yatsa, daidai inda aka buga lambobin.

"Nan ne wurin da kuke faɗa?"

Na ce nan ne.

"Ni nawa kullum da shi yake zuwa. Da kwalinsa ma." Ta ɗago kai. "Auta, me ya sa nawa ba ya yankewa?"

Ni, Lauya, mai bakin da ba ya mutuwa, na tashi na ce zan ɗebo mata ruwa.

Laraba, da rana

Ƙyas. Ƙyas. Yau da ƙarfi yake yi, don in ji.

Alhamis, da yamma

Gwaji na ƙarshe. Malama ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce ta ji abin da ake ciki, in ina so Baba Direba ya karɓi mai shagon. Na ce Baba Direba ko almakashin kwali bai iya riƙewa ba. Ta ce ba abin da ta tambaye ni ke nan ba. Na ce na sani.

Haushinta nake ji har yanzu. Ita ta tono ramin, ni zan faɗa ciki, sannan ta zo tana tambayata ko ina son igiya.

Juma'a, da maraice

Na haɗa littattafaina a buhu. Ba don komai ba. Ƙura ce ta yi musu yawa.

Asabar, da yamma

Na rubuta wannan a kujerar baya ta motar Baba Direba.

Farfajiyar ta cika fiye da yadda aka zata. Yara a kan katanga, maza a tsaye, mata a benci. Yaya bai zo ba. Inna ta zo, ita da ba ta fita sai asibiti. Ta zauna a gefe da sandarta.

Da farko dariya aka yi ta yi. Baba Direba ya fito a mai ciwon ciki, yana murɗawa kamar maciji, Turancinsa yana zubewa a hanya. Mai gawayi ta faɗi jimlarta ba kuskure, jikokinta suka yi ta ihu. Malama ta tafa, muka yi musaya, ta tafa, muka koma. Sannan ta ce wa 'yan kallo duk mai so ya fito ya gwada zama mai saye.

Mai Ɗinki ce ta tashi.

Ban san ta zo ba. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ashe matan ajin sun riƙa zuwa gidanta suna koya mata. Ta tako har gaban tebur, ta miƙo hannu, ta faɗa a hankali, da Turanci: nuna mini kwanan wata.

Na dubi Malama. Tafa mana, baiwar Allah, tafa in fita daga bayan teburin nan. Hannuwanta suna naɗe a ƙirji.

Na gane. Ba don in ba ta haƙuri matar nan ta fito ba. Haƙuri an ba ta buhu-buhu. Mai shago take nema, ya tsaya a gabanta ya faɗi abin da yake faɗa, a gaban mutane.

Na faɗa. Magani ba nama ba ne da zai ruɓe. Kuma ban san lokacin da hannuna ya tashi na sosa bayan kunne da gindin almakashin kwalin ba.

Farfajiyar ta mutu. Ko yaran kan katanga. Wanda bai ji Turancin ba ya ga hannun, kuma duk layin nan sun san hannun.

Ta sake faɗa. Na sake ba ta amsar. Sai ta bar Turancin ta ce da harshenmu, muryarta ba ta ko rawa, "Na ce ka nuna mini." Hannunta a buɗe. Wasan bai tanadi komai a nan ba. Na tsaya da almakashin kwali kamar gunki har ta gaji ta sauke hannun da kanta.

Sai a lokacin Malama ta tafa. Sau ɗaya. Ba wanda ya taya ta.

Da na isa gida buhuna yana bakin ƙofa, da tabarmata a naɗe a kai. An ma ɗaure mini shi da kyau.

Lahadi, da safe

Kujerar mota gajera ce. Baba Direba ya kawo shayi da burodi ya ce kuɗin haya shi ne in riƙa karanta masa allunan hanya. Ban yi dariya ba, amma na ci.

Malama ta aiko a tambaye ni ko ina lafiya. A ce mata Turancina ya inganta.

Talata, da hantsi

Ba niyyar zuwa na yi ba. Hanyar tasha ce ta bi ta gaban shagon.

Inna na zaune a ciki, kan bencin masu jira, sandarta a jingine. Almakashin Yaya a kan cinyarta, ta ɗora hannu a kai. Mai wankin takalma ya raɗa mini cewa tun jiya take nan. Wai ta zo da kwalin maganinta ta ajiye a kan kantar shagon ta ce, "Karɓi abinka. Ka yanko mini daga wanda kake ba mutane." Yaya ya ce Inna don Allah. Ta ce ita ba ta fi 'yar kowa ba. Ya ƙi, ta ƙi. Jiya ba ta sha ko ɗaya ba, sai da ya durƙusa.

Akwai wata mata a gaban kantar da yaro a kafaɗa. Yaya ya miƙa mata kati, cikakke, tunda ba abin yanka. Ta juya shi tana kallo, ba ta iya karatu ba.

Inna ta hango ni. "Auta, zo ka duba wa baiwar Allah nan."

Yaya bai dube ni ba. Ya ce wa kwalaben da ke gabansa, "Na ce kada ya sake tako mini shago."

"Bai tako ba. A bakin ƙofa yake. Ke, miƙa masa."

Ta miƙo. Na tsaya a kan dakalin, yatsun ƙafata daidai bakin siminti, na karanta da ƙarfi, da Turanci, sannan da namu. Tun bara ya ƙare.

Yaya ya karɓa. Ya juya, ya miƙa hannu can saman kanta, inda yake ɗauko na Inna, ya sauko da wani. Wannan ma na karanta. Matar ta biya ta tafi.

Ba wanda ya ce in shigo. Ba wanda ya ce in dawo gida. Inna ta ce gobe in zo da wuri, kuma in zo da abin zama, don ba ta ga alamar yayana zai ba ni kujera ba.

Zan zo. Haushin yana nan inda yake, ko kaɗan bai ragu ba. A hanyar dawowa na wuce ta ƙofar Mai Ɗinki. Keken ɗinkinta yana tafiya. Ban tsaya ba.